Ɗana ɗan shekara 16 yana neman kuɗin garin furotin, in saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Bolari ne a cikin garin Gombe. Ina da yaro ɗan shekara 16, siriri ne, nauyinsa kilo 55. Wata huɗu ke nan yana zuwa wajen ɗaga ƙarfe a bayan layinmu, yanzu kuma ya tasa ni gaba sai na ba shi kuɗin wani gari da ake damawa a sha, wai furotin, wai shi ke fito da ƙwanji. Mahaifiyarsa ta ce ta ji garin yana kashe ƙoda. In saya masa ne, ko in raba shi da ƙarfen ma baki ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Ka riƙe kuɗinka, amma kada ka raba shi da ƙarfen. Aikina a asibiti shi ne ba da shawara kan abinci, kuma a 'yan shekarun nan wannan tambaya ta yawaita, wani lokaci uba ne ke zuwa da ita, wani lokaci yaron ne da kansa zai ciro waya ya nuna mini hoton wani ƙato mai ƙirji kamar faifai ya ce haka yake so ya zama. Bari mu fara da sanin mene ne a cikin robar garin nan, domin rabin tsoron Hajiya da rabin ɗokin yaron duk daga rashin sanin nan suka fito.

Ka taɓa lura da kindirmo idan ya kwana a ƙwarya? Wani ruwa tsararo mai ɗan launin ɗorawa yakan taso a samansa, mai nono ta tsiyaye shi ko ta motsa ya koma ciki. To wannan ruwan shi ne asalin garin da yaran ke kira "wei". Furotin ɗin da ke cikin madarar shanu kashi biyu ne: kusan kashi 80 cikin 100 shi ne mai guntsewa ya zama cuku, ragowar kashi 20 shi ne ke bin ruwan. Kamfanonin cuku na Turai da Amurka suna samun wannan ruwa tanki-tanki, a da zubarwa suke yi ko su ba dabbobi, daga baya suka koyi tace shi su busar ya zama gari, su zuba masa ƙamshi da zaƙi. Cokalin awon da ke zuwa a cikin robar yana ɗaukar kamar giram 30 na gari, a cikinsa akwai furotin giram 20 zuwa 25. Dafaffen ƙwai guda yana da kamar giram 6. Ke nan abin da yaronka yake ta naci a kai, ƙwai huɗu ne aka zuba a roba mai hoton damtse. Ba guba ba ne idan na gaskiya ne, ba kuma wani sirri ne a ciki ba.

Sai mu zo ga lissafi. Yaro mai shekara 14 zuwa 18 da ba ya wani motsa jiki na musamman yana buƙatar kimanin giram 0.85 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga mai kilo 55, wajen giram 47 ke nan. Mai wasanni ko ɗaga ƙarfe buƙatarsa ta fi haka, ƙungiyoyin likitocin wasanni suna sa ta tsakanin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo. A shekarar 2018 wasu masana ƙarƙashin Farfesa Stuart Phillips na Jami'ar McMaster a Kanada sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 49 da aka yi kan manya masu ɗaga ƙarfe, suka ga cewa idan mutum ya kai wajen giram 1.6 a kan kowane kilo, ƙarin da zai yi bayan nan ba ya ƙara masa tsokar a-zo-a-gani. Sun kuma ga cewa bambancin da garin ya kawo tsakanin masu sha da marasa sha, a matsakaici, bai wuce giram 300 na tsoka ba bayan makonni ana atisaye. Ƙarfen ne ya yi mafi yawan aikin. Idan muka ɗauki 1.6 ɗin, yaronka giram 88 yake nema a rana, ka ce 90 don sauƙin lissafi.

Yanzu leƙa tukunyar gidanka. Da safe koko da ƙosai biyar ko shida, a haɗa masa da dafaffen ƙwai biyu: ya tashi da sama da giram 20. Da rana shinkafa da wake, faranti na saurayi, kuma a bar waken ya fito sosai, ba irin wanda sai an tona ake ganin ƙwaya ba: wani giram 20. Da la'asar idan ya dawo daga wajen ƙarfe, fura da nono kofi babba. Rabin lita na nono mai kauri yana da wajen giram 16, geron furar ma yana da nasa, sun haura 20. Da dare tuwo da miyar kuka da aka sa wa busasshen kifi ko yankan nama biyu: giram 25 ko kusa da haka, domin shi kansa garin masara ko dawa yana ɗauke da furotin, mutane ne ba sa lissafa shi. Ka ƙara da gyada cikin tafin hannu, giram 7. Wannan ƙiyasi ne, ba awon sikeli ba, amma ka ga mun tsallake 90 ba tare da mun taka ƙofar kantin kowa ba.

Mu a Gombe ma abin ya zo mana da sauƙi, gari ne na wake. Ka shiga Tudun Hatsi ka ga buhunan da ake lodawa zuwa kudu. Busasshen wake giram 100 yana da furotin kusan giram 24, gyada 25, waken suya ya kai 36, shi ya sa awarar da yara ke saye a bakin makaranta ba abin rainawa ba ce. Ƙuli-ƙuli ya fi gyadar da aka yi shi da ita, tunda an matse mai an bar tsantsar. Ga gurjiya, ga alale, ga ɗan wake, ga kifin Dadin Kowa. Za ka ji 'yan ƙarfe suna cewa furotin ɗin wake "bai cika ba". Akwai ƙamshin gaskiya a maganar: furotin an gina shi ne da ƙananan tubala da ake kira amino asid, hatsi yana da ƙarancin wani tubali mai suna layisin, wake kuma yana da shi da yawa amma yana da ƙarancin wani mai suna metayonin, wanda hatsi ke da shi. Idan aka haɗa su, kowa ya toshe gibin ɗan uwansa. Iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai, da shinkafa da wake, ba su san sunayen nan ba, amma sun riga likita zuwa wajen.

Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Nonon kasuwa sau da yawa an tsinka shi da ruwa, wani har da garin kuka don ya yi kauri, saboda haka a nemi kindirmo wajen wadda aka sani, kuma wanda aka tafasa madararsa kafin a ɗora, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga shanu. Gyada da ƙuli-ƙuli kuma idan sun yi funfuna ko suna ɗaci, a zubar. Akwai gubar afalatoksin da ke tasowa a gyadar da ba ta bushe da kyau ba, kuma hanta take ci.

Sannan ka tambaye shi ko yana shan ɗanyen ƙwai. Na san al'adar wajen ƙarfe, a fasa uku a kofi a kaɗa da madara ko lemon kwalba a ɗaga kai a shanye, ana ganin jarumta ce. Asara ce. An gwada an gani, jiki yana amfana da kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Ga kuma haɗarin gudawa da zazzaɓi daga ƙwayar salmonela. A dafa shi.

To in ba garin ba, me ke fito da ƙwanji? Na farko balaga. Namiji yakan yi tsawonsa mafi sauri wajen shekara 13 zuwa 14, tsoka kuma tana biyo baya ne, idan sinadarin maza na testosteron ya kankama a jiki. Shi ya sa za ka ga yara biyu aji ɗaya, ɗaya ya murɗe har gemu ya fara tsiro, ɗayan kamar sillen kara, kuma abincinsu ɗaya. Wani sai ya kai 18 ko 20 kafaɗa ke buɗewa. Akwai kuma gado; ka tuna yadda kake a shekarunsa, ka dubi kawunnansa. Na biyu atisaye da ake ƙara masa nauyi sannu a hankali, domin tsoka ba ta girma sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi ƙarfinta, ta ji jiki, sannan ta gyara kanta lokacin hutu. Na uku ƙoshi. Wannan ne inda siraran yara suka fi faɗuwa. Yaro zai fita makaranta da ruwan shayi, ya ci biskit da rana, ya yi ƙwallo, ya ɗaga ƙarfe, sannan ya yi mamakin ba ya ƙaruwa. Jikin da ba ya samun isasshen abinci ƙona furotin ɗin yake yi ya samu ƙarfin tafiya, ko na ƙwai ne ko na roba. Magini ba ya aza tubali in ana kwashe su ana hura wuta da su. Ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana ya wadatar, wato kamar a ƙara masa ci ɗaya a kan wanda ya saba. Na huɗu barci, awa 8 zuwa 10 ga mai shekarunsa. Idan yana kwana danna waya har ƙarfe ɗaya na dare ya tashi asuba, ko buhun furotin ka saya masa ba za ka ga komai ba.

Dubi masu dako a kasuwa, da 'yan ga-ruwa, da samarin ƙauye da ke shiga kokawa bayan kaka. Ba na cewa jikinsu ya kai na hotunan intanet, amma ka san fura da tuwo da aiki ne suka gina su. Su kuma na hotunan, da yawansu ba gari ne ya kai su can ba, allurar sitiroyid ce, wani sinadari mai gina tsoka, sai dai ba za su faɗa ba tunda garin suke talla.

Maganar Hajiya kan ƙoda, ba za a ce ta yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma mu 'yan arewa maso gabas da muke jin labarin ciwon ƙoda a yankin Gashuwa dole gabanmu ya faɗi idan aka ambace ta. Abin da aka sani shi ne, ga mai lafiyayyar ƙoda, cin furotin a gwargwadon da na faɗa ba a same shi da lalata ta ba. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, yawan furotin ƙarin kaya ne a kanta, kuma ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Idan yaron ya taɓa kumburin fuska ko ƙafa, ko fitsarin jini, ko fitsari mai kumfa, ko yana da sikila, ko akwai ciwon ƙoda a dangi, a kai shi a auna jininsa da fitsarinsa kafin a yi maganar wani gari. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ana yin waɗannan gwaje-gwaje, da ma asibitoci da dama. Ka kuma san rukunin jininsa: kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kuma mai AS, duk da lafiyarsa ƙalau, an fi so ya kiyayi atisaye mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa. Ka san yadda garin nan yake a watan Maris da Afrilu. Ya riƙa tafiya da gorar ruwa, ya duba fitsarinsa, in ya yi ja kamar shayi bayan atisaye tare da ciwon tsoka mai tsanani, wannan na asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba furotin ɗin ba ne, abin da ke cikin robar ne da abin da ake sayarwa a gefenta. A Amurka, inda yawancin sanannun garin suke fitowa, dokar da aka yi a 1994 ta ɗauke su a matsayin ƙarin abinci, ba magani ba, don haka kamfani ba ya jiran hukuma ta gwada kayansa kafin ya kai kasuwa. A 2004 wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya wallafa sakamakon binciken da ya yi da tallafin Kwamitin Olamfik na Duniya: cikin kayan ƙarin kuzari 634 da aka sayo daga ƙasashe 13, kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran sitiroyid da ba a rubuta a jikinsu ba. An kuma sha samun dalma da wasu ƙarafa masu guba a wasu nau'o'in garin furotin. Kuma wataƙila ka tuna abin da ya faru a Sin a 2008, lokacin da aka zuba melamin a madarar jarirai don gwaji ya nuna tana da furotin da yawa. Yara kusan dubu 300 suka kamu, shida suka rasu, kuma ƙoda abin ya taɓa. Idan haka ta faru a inda ake da ɗakunan gwaji, ina ga garin da wani ya buɗe babbar roba yana aunawa a farar leda, babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, ya ce maka na waje ne? Ba ka san ko madarar gari ce da sitaci ba, ba ka san me aka barbaɗa don mai saye ya ga "aiki" ya dawo ba. Shi kuwa wanda ake ce wa na ƙara nauyi, mai zuwa a ƙaton buhu, mafi yawansa sukari ne da sitaci. Furarka ta fi shi.

Kwanakin baya wata uwa ta kawo mini ɗanta, sa'an naka ne ko ya girme shi da shekara. Tun daga ƙofa na ga fuskar ta yi zagaye kamar wata, kumatu sun cika, wuya ya yi tozo ta baya, amma da ya naɗe hannun riga damtsen a sirance yake, kuma ga wasu layuka ja-ja a gefen cikinsa kamar na mai ciki. Ya ce nauyinsa ya ƙaru da kilo da yawa cikin wata uku, yana murna. Da na matsa, sai ya ciro wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙullin leda daga aljihu, wani mai kemis ne ya haɗa masa. Deksametason ne, wani nau'in sitiroyid da ba ya gina tsoka, irin wanda ake haɗawa a sha-ka-fashe. Wannan magani ne na gaske mai amfani a hannun likita, amma abin da yake yi idan aka daɗe ana sha shi ne ya tara ruwa da kitse, ya cinye tsoka, ya raunana ƙashi, ya ɗaga sukari da hawan jini. Wato ainihin kishiyar abin da yaron ya je nema. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage shi a hankali, in ba haka ba jiki na iya rushewa. Na faɗi wannan ne don in ka tarar da irinsa a ɗakin yaronka, kada ka watsar ka ce an gama. Ka ɗauki ƙwayar da yaron ku je asibiti.

Ɗaya nau'in sitiroyid ɗin, mai gina tsoka da gaske, wanda ake yi da allura ko ƙwaya a wasu wuraren ƙarfe, shi ma ga ɗan 16 bala'i ne. Yana iya rufe mahaɗar girman ƙashi da wuri, yaro ya tsaya a tsawon da yake har abada. Yana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, ya rage maniyyi, ya fito wa namiji da nono, ya taɓa hanta da zuciya, ya kawo ƙuraje da saurin fushi. Idan ka ga ya kumbura cikin 'yan makonni fiye da hankali, bayansa ya cika da ƙuraje, halinsa ya canza, ka bincika. Akwai kuma kiriyatin, wani gari da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi, wanda ba sitiroyid ba ne kuma an yi bincike sosai a kansa ga manya, amma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ba ta goyon bayan ba wa 'yan ƙasa da 18, ni ma a nan na tsaya. Haka lemukan ƙara kuzari masu yawan kafeyin da suke sha kafin atisaye, ba na yara ba ne.

Ba na cewa garin ba shi da rana. Ɗan wasan da ke sansani yana atisaye sau biyu a yini, ko yaron makarantar kwana da abincinta ba ya isa, ko marar lafiya da ba ya iya ci, ana iya rubuta musu. Ko a nan ɗin nakan fara da madarar gari ta shanu zalla, wadda giram 100 nata ke da furotin wajen giram 25. A duba gwangwanin dai, domin da yawa a kasuwa an cire man shanun an sa man itace, furotin ɗinsu bai kai haka ba. In kuwa wata rana ya girma ya nemi kuɗinsa ya ce sai ya saya, ya sayi rufaffiyar roba mai lambar NAFDAC, mai tambarin masu gwaji na waje irin Informed Sport ko NSF, cokali ɗaya a rana bayan ya ci abinci. In yana sa shi kumburin ciki da gudawa, sukarin madara ne jikinsa ba ya narkarwa, abin da ya zama ruwan dare a cikinmu. Kindirmo ya fi sauƙi ga irin wannan cikin saboda tsamin ya rage sukarin.

Shi kuwa ƙarfen, ka je da ƙafarka ka ga wurin. Yawancin na unguwa siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti aka soka bututu a tsakiya, ko tsohon giyar mota, da benci na katako. Ba laifi ba ne, amma babu wanda ya san nauyinsu, kuma gefe ɗaya yakan fi ɗaya. Tsohuwar maganar cewa ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo ba ta tabbata ba. Abin da ke jawo rauni shi ne gasar wa ya fi wa, da ɗaga abin da ya fi ƙarfi ba mai tsaya maka. Ya zaɓi nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da ya gantsare baya ba, kwana uku a mako da hutun yini a tsakani, kada ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe sai da wani a kansa, kuma ya tuna yana da ƙafafu da baya, domin samarinmu ƙirji da damtse kawai suka sani. Da azumi ya mayar da atisayen bayan buɗa-baki, ya rage nauyi, a sa masa ƙwai ko wake ko nono a sahur.

Kuɗin roba ɗaya ta gaske zai sayi kiret-kiret na ƙwai, ko wake mudu da yawa da duk gidan za su ci. Da ni ne kai, Malam, sai in zaunar da shi in ce na yarda da ƙarfen, ga kuɗin ƙwai da nono duk mako a hannun mahaifiyarka, sharaɗin kuwa babu ƙwaya, babu allura, babu garin leda, kuma waya ta kwanta ƙarfe goma. Ku auna nauyinsa yau, ku zagaya damtsensa da tef ɗin tela ku rubuta a takarda, sannan ku sake bayan wata uku. Ƙarin kilo ɗaya zuwa biyu a wannan tsakanin ci gaba ne mai kyau ga mai shekarunsa. In kuma yana ci yana ƙoshi amma nauyin bai motsa ba, ko yana raguwa, ko yana yawan gajiya, ko tari da zufar dare, to maganar ta bar wajen ƙarfe, ku zo a duba shi, a fara da tsutsar ciki da ƙarancin jini.